YUNWAR MAI A INJIN A-KORI-KURA: YADDA AKE GANE TA DA YADDA AKE MAGANINTA

Jawabi ga direbobi da masu motoci da makanikai



Ƙaramar motar ɗaukar kaya, wadda Bahaushe ya laƙaba wa suna a-kori-kura, ta daɗe tana yi wa talakan ƙasar nan bauta. Ita ce mai kai taki gona, ita ce mai kwaso hatsi da doya da albasa zuwa kasuwa, kuma sau da yawa ita ce mai kai majiyyaci asibiti idan ciwo ya tashi da tsakar dare a ƙauye. Tun daga shekarar 1975, lokacin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, samfurin 404 da na 504 suka cika hanyoyin ƙasar nan, daga baya kuma Toyota Hilux da ire-irenta suka biyo sawu. Mutum ɗaya ne yake riƙe da sitiyari, amma bakin da ke ci daga wannan mota yana da yawa. Ran da ta kwanta, tukunyar gidaje da dama ce ta sauka daga murhu.

Wannan jawabi an shirya shi ne a kan wata cuta guda ɗaya da ke kama injin fetur, wadda ke shigowa a hankali ba tare da hayaniya ba, har ta kai ga ƙona inji. Cutar ita ce yunwar mai, wato iska ta rinjayi fetur a cikin abin da inji yake ƙonawa. Za a bayyana asalinta, da alamunta, da hanyar binciken ta daki-daki, da maganinta. Tun da farko ya kamata a sani cewa bayanin ya shafi injin fetur ne kawai. Injin da ke shan gas, wato dizal, ɗabi'arsa ce ya shaƙi iska fiye da bukata, saboda haka dokokinsa daban ne.

1. ABINCIN INJI

Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba. Haɗi ne na fetur da iska, kuma iskar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Domin fetur ya ƙone ƙurmus ba saura, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar iska kilo 14.7. Idan aka auna da lita, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000. Wannan awo shi ne tushen lafiyar inji.

Haɗin nan kamar kunu yake. Idan gari ya yi yawa sai ya yi kauri, idan ruwa ya yi yawa sai ya tsinke. Haɗi mai kauri shi ne wanda fetur ya yi masa yawa: mota za ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar rariya. Tsinkakken haɗi kuwa shi ne wanda iska ta yi masa yawa, ko fetur ya yi masa kaɗan, kuma shi ne abin da ake nufi da yunwar mai.

Bukatar inji ba ɗaya ba ce a kowane lokaci. Da sanyin safiya yana son haɗi mai kauri kafin ya tashi, shi ya sa aka yi wa tsofaffin motoci cok. A kan shimfiɗaɗɗen titi ba lodi, yana iya tafiya da haɗi mai ɗan sauƙi ba tare da wata illa ba. Amma idan an lafta masa kaya ya fuskanci hawa, yana bukatar kilo ɗaya na fetur ga iska kilo 12 da rabi zuwa 13. Wannan ƙarin fetur ba ɓarna ba ne. Shi ke ba da ƙarfi, kuma shi ke sanyaya cikin silinda yayin da yake zama tururi.

A tsofaffin motoci kafireta ce ke yin wannan awo. Iska tana bi ta maƙogwaronta mai matsattsen wuya, saurin wucewarta kuma yana tsotso fetur ta wasu 'yan ƙananan ramuka da ake kira jet. A sababbin motoci kuwa ƙwaƙwalwar mota ce ke yin lissafin, ta karɓi labari daga sensa iri-iri, sa'an nan ta umarci nozul ya fesa mai gwargwadon bukata. Ko wace hanya aka bi, awon dai bai canja ba.

2. ƁARNAR DA TAKE YI

Wani zai ce ai idan mota ta rage shan mai riba ce. To, ga inda gizo ke saƙar. Tsinkakken haɗi ba ya kamawa da sauri, a hankali yake ci. Saboda haka sai bawul ɗin fitar da hayaƙi ya buɗe alhali wutar ba ta gama ci ba, harshenta ya riƙa lasar bakin bawul. Shi kuwa wannan bawul, ko da lafiya lau, zafinsa yana kai digiri 700 ko fiye a ma'aunin Selshiyos idan ana aiki mai nauyi. Da an ƙara masa kaɗan sai gefensa ya fara cinyewa, ya daina rufewa sosai, ƙarfin silindar ya zube.

Ɓarna ta biyu ita ce ƙarar da direbobi kan ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani yayin da aka taka totur a kan hawa. Wannan alama ce cewa ragowar haɗin yana fashewa da kansa saboda tsananin zafi, maimakon ya ƙone a tsanake. Kowace fashewa kamar dukan guduma ce a kan fistin. Fistin kuma da alminiyam ake yin sa, wanda ke narkewa a wajen digiri 660. Idan aka ci gaba da tafiya a haka, ringi zai iya karyewa, gasket ɗin kan silinda ya ƙone, ko kuma kan fistin ya huje.

Ɓarna ta uku ta shafi rai. Motar da ke fama da yunwar mai takan yi jinkiri a daidai lokacin da aka fi bukatar ta zabura. Direba ya fito zai wuce tirela, ya taka totur, sai mota ta yi tari ta noƙe, ga wata kuma tana tahowa. Haka nan takan mutu a tsakiyar mararraba ko a kan hawa da cikakken lodi. Wannan ya sa gyaranta ya wuce maganar aljihu kawai.

3. ALAMUN CUTAR

Alamun da mai mota zai lura da su su ne waɗannan.

Na ɗaya, wuyar tashi da safe, kuma ko ta tashi ba ta tsayawa sai an daɗe da jan cok.

Na biyu, silo ba ya daidaita. Inji yana rawa, ko yana hawa yana sauka da kansa, ko ya mutu da zarar an ɗaga ƙafa daga totur.

Na uku, tari ko atishawa ta bakin kafireta idan an taka totur farat ɗaya. Dalili shi ne wutar da ba ta gama ci ba tana nan har bawul ɗin shigar haɗi ya sake buɗewa, sai ta kunna sabon haɗin da ke tahowa.

Na huɗu, rashin ƙarfi a hawa, da fizge-fizge a kan tafiya madaidaiciya, kamar ana riƙe motar ana saki.

Na biyar, allurar zafi tana haurawa alhali lagireto cike yake da ruwa kuma fanka tana aiki.

Na shida, launin fulogi. Bakin fulogi mai lafiya yana da launin ƙasa-ƙasa mai haske, kamar na gasasshen burodi. Wanda ya yi baƙi da kunkunniya shaida ce ta haɗi mai kauri. Wanda ya yi fari fat kamar alli, ko ya yi ƙuraje, ko ƙarfensa ya zaizaye, shaida ce ta yunwar mai da zafi. Sai dai a lura, a sababbin motoci masu nozul fulogi kan yi haske ko da lafiya, don haka launinsa kaɗai ba ya isa hujja a wurinsu.

Na bakwai, a sabuwar mota, fitilar gargaɗin inji ta kama a gaban direba.

Akwai gwaji mai sauƙi ga mota mai cok na hannu. Bayan inji ya yi zafi, a ja cok kaɗan. Inji mai lafiya zai nuna ƙi, ya fara shaƙewa. Idan kuwa ya ji daɗi, rawarsa ta ragu, ƙarfinsa ya dawo, to ya faɗi da bakinsa cewa yunwa yake ji.

4. ƘOFOFI BIYU DA CUTAR KE SHIGOWA

Duk yawan dalilan yunwar mai, ƙofa biyu ce gare su. Ko dai iskar sata tana shiga ta inda ba a auna ta ba, ko kuwa fetur ba ya isowa yadda ya kamata. Makaniki mai hankali yakan fara ne da rarrabe waɗannan biyu, kuma motar da kanta takan nuna wace ce.

Yayin da inji ke silo, ƙofar totur a rufe take, iskar da ke shiga kaɗan ce, kuma tsotson da ke cikin manifol yana da ƙarfi ƙwarai. A wannan hali ko ƙaramar tsaga ta isa ta ɓata awo. Da an buɗe totur kuwa, iskar halal ta yi yawa har ta satar ba ta da wani tasiri. Saboda haka motar da ke rawa a silo amma ta warware a kan gudu, iskar sata ce ke damun ta.

Akasin haka, a silo fetur kaɗan inji yake nema, ko toshasshiyar filta tana iya ba shi. Sai an ɗora lodi an kama hawa ne gazawar take bayyana. Saboda haka motar da ke silo lafiya amma ta shaƙe a kan gudu ko a hawa, ƙarancin fetur ne ke damun ta.

Kafin a taɓa kafireta ko nozul, wajibi ne a tabbatar da lafiyar ɓangaren wuta. A duba fulogi da wayoyinsu, da kontak a motocin da ke da shi, da taimin, da tazarar bawul. Lalacewar waɗannan takan kwaikwayi yunwar mai, kuma an sha kwance kafireta mai lafiya alhali laifin na waya ɗaya ne.

5. FARAUTAR ISKAR SATA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wuraren da suka fi tsagewa su ne gasket ɗin da ke ƙarƙashin kafireta, da gasket ɗin da ke tsakanin manifol da kan silinda, da ƙananan tiyo na roba da ke manne da manifol. Cikinsu akwai wanda ke zuwa distiributa, da wanda ke kwaso tururin baƙin mai daga cikin inji, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar taimakon birki a motocin da ke da ita. Zafin ƙasar nan yana busar da roba da wuri, ta yi tauri ta tsattsage, musamman a bakin da aka cusa ta. A tsohuwar kafireta kuma, sandar da ƙofar totur ke juyawa a kanta takan cinye mazauninta, iska ta riƙa bi ta gefe.

Ga yadda ake binciken. A ja birkin hannu, a sa giya a furi, a tada inji a fili inda iska ke kaɗawa. Kada a taɓa barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa. A sami guntun tiyo mai tsabta, a kara baki ɗaya a kunne, a riƙa bin mahaɗai da ɗaya bakin. Inda iska ke shiga za a ji shi yana huci kamar maciji. A yi hankali da fanka da bel, kada su kama hannun riga.

Bayan haka a fesa ruwa kaɗan a kan kowace mahaɗa, ɗaya bayan ɗaya. Inda sautin inji ya canja, nan ne tsagar take. Wasu makanikai suna amfani da maganin wanke kafireta na gwangwani, wanda ya fi nuna canjin a fili, amma yana kama wuta, don haka sai da abin kashe gobara a kusa. Zuba fetur a kan inji mai zafi domin wannan gwaji ganganci ne, kada a yarda da shi.

Tiyo kuma a matse su da filaya ɗaya bayan ɗaya, mota tana tsaye. Idan an matse wani sai silo ya daidaita, to shi ne mai laifi, ko kuwa abin da yake kaiwa gare shi. Idan na birki ne, lamarin ya zama na gaggawa, domin fatar da ke cikin tukunyar ce ta yage, kuma alamarta ita ce birki ya yi tauri a ƙafa. Motar da ke cikin wannan hali ba ta cancanci hawa titi ba sai an gyara.

Garejin da ke da agogon auna tsotso ya fi samun sauƙi. Inji mai lafiya a silo yakan nuna inci 17 zuwa 21, allura tana tsaye cak. Adadin yana raguwa da kimanin inci ɗaya a kowace mita 300 ta tudu, saboda haka abin da za a gani a Jos bai kai na Ikko ba. Allurar da ta tsaya ƙasa da ƙima tana nuna iskar sata ko jinkirin taimin, wadda ke faɗuwa tana dawowa a kai a kai kuma tana nuna bawul da ya fara ƙonewa.

Maganin dai shi ne sabon gasket da sabon tiyo. A kankare tsohon gasket sarai, a duba ko gindin kafireta ya lanƙwashe saboda yawan ɗauri, a ɗaure notuna a hankali bi da bi. Liƙi da sabulu ko ɗauri da robar taya dabara ce ta isa gida, ba gyara ba ce.

6. BIN SAWUN FETUR

Idan alamu sun nuna ƙarancin fetur, sai a bi hanyarsa tun daga tanki har zuwa inji, kada a tsallake ko ɗaya.

A fara da murfin tanki. Yayin da fetur ke raguwa dole iska ta maye gurbinsa. Idan hanyar numfashin tanki ta toshe, mota za ta yi tafiyar 'yan kilomita ta shaƙe, a huta kaɗan ta sake tashi. Idan aka kwance murfi a lokacin aka ji ya ja iska, kuma motar ta warware, an gano bakin zaren.

Sai filtar mai. Ita ce mafi araha cikin kayan gyara, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Fetur na jarka da na bakin hanya yakan zo da ƙasa da ruwa da tsatsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin tanki da gindin kafireta. A tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye, idan akwai ruwa za a gan shi ya rabu a ƙasa.

Sai famfon mai. Na tsofaffin motoci fata ce a cikinsa wadda inji ke motsawa, ƙarfin turinsa kuma kaɗan ne, bai kai rabin ba ɗaya ba a ma'aunin matsi. A cire tiyon da ke shiga kafireta, a sa bakinsa a kwalba, a cire wayar koyil don kada wuta ta tashi, a buga sitata. Famfo mai lafiya zai riƙa tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Idan yana ɗiga ne kawai, ya gaji. Idan kuma baƙin mai yana warin fetur ko ya ƙaru a kan sanda, fatar famfon ta huje. A lokacin bazara kuma, bututun mai da ya kusanci salansa yakan sa fetur ya tafasa ya zama tururi, famfo ya kasa tura shi. Maganin wannan shi ne a nisanta bututun daga zafi.

Daga nan sai kafireta kanta. A cikinta akwai ɗan kwano da fulot, wanda ke tsayar da fetur a wani matsayi. Idan matsayin ya yi ƙasa, duk haɗin zai tsinke. A auna shi bisa ga littafin motar. A kwance jet ɗin silo da babban jet, a wanke su, a hura musu iska. Kada a soka musu waya ko allura, domin an auna faɗin raminsu da ɗaya bisa ɗari na milimita, kuma lambar awon tana rubuce a jikinsu. A leƙa maƙogwaron kafireta, inji a kashe, a motsa totur: ya kamata a ga siririn fetur ya tsarto. Idan babu, ɗan famfon zabura ya lalace, kuma shi ne sanadin noƙewar da mota ke yi idan an taka.

Daidaita sukurun silo shi ne aiki na ƙarshe, bayan an gama komai kuma inji ya yi zafi. A mafi yawan kafiretoci, irin su Solex da ke kan Peugeot 404, shigar da sukurun yana rage mai, fito da shi yana ƙarawa. A shigar da shi a hankali har inji ya fara rawa, sa'an nan a fito da shi har sautin ya daidaita. Kada a ɗaure shi da ƙarfi, domin tsininsa yana lalacewa.

7. MOTOCI MASU ƘWAƘWALWA

A motoci masu nozul akwai sensa a jikin bututun hayaƙi wadda ke auna ragowar iskar da ba ta ƙone ba. Idan ta ga iska ta yi yawa, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Wannan ya sa cutar takan ɓuya na tsawon lokaci. Sai ƙarin ya kai iyaka ne fitilar gargaɗi take kamawa. Idan aka jona na'urar bincike, irin tsarin da ya zama tilas ga motocin Amurka tun 1996 kuma ya bazu a duniya, za a ga lamba P0171. A inji mai layin silinda biyu, P0174 tana nufin ɗaya layin.

Wannan lamba ba ta ce sensa ta lalace ba. Abin da ta ce shi ne haɗi ya tsinke. Masu motoci da yawa sun sayi sabuwar sensa a banza, alhali ita gaskiya ta faɗa. Abin dubawa a na'urar shi ne yawan ƙarin man da ƙwaƙwalwa ke yi. Ƙarin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ba abin damuwa ba ne. Idan ya yi yawa a silo amma ya sauka da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti, iskar sata ce. Idan kuwa yana ƙaruwa da gudu da lodi, to a nemi laifin wajen famfo, ko filta, ko nozul da suka toshe, ko sensar da ke auna iska a bayan filtar iska.

Ita wannan sensa ta iska siririyar waya ce mai zafi. Ƙurar hunturu takan lulluɓe ta, sai ta riƙa faɗin ƙasa da abin da ya shiga, ƙwaƙwalwa kuma ta rage mai. Ana wanke ta da maganinta na musamman, ba a taɓa ta da hannu ko tsumma. A duba kuma babban tiyon da ke tsakaninta da totur, domin yakan tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Famfon waɗannan motoci a cikin tanki yake, matsinsa yana kai wajen ba 3 ko fiye, don haka sai da agogo ake auna shi, kuma sai an sauke matsin kafin a kwance bututu. Hujewar bututun hayaƙi kafin a kai ga sensa ita ma takan jawo iska daga waje ta ruɗi ƙwaƙwalwa.

8. ABUBUWA UKU DA SUKA SHAFI ƘASAR NAN

Na farko shi ne tsadar mai. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashinsa ya ninka, kuma direba yana da uzuri idan ya nemi sauƙi. Sai dai neman a matse kafireta ko a sa ƙaramin jet don rage shan mai, garin neman gira ne a rasa ido. Sukurun silo ba ya mulkin man da ake sha a kan gudu, don haka matse shi ba ya rage komai sai lafiyar silo. Ƙaramin jet kuwa yana rage ƙarfi, direba ya ƙara taka totur, ya daɗe a ƙaramar giya, ga bawul yana gasuwa. Hanyar rage shan mai ta gaskiya ita ce iskar taya daidai, da filtar iska mai tsabta, da taimin daidai, da lodi gwargwadon ƙarfin mota, da tafiya a natse.

Na biyu shi ne ingancin fetur. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa. Shi metanol iska kilo 6 da 'yan kai kawai yake bukata, ba 14.7 ba, saboda haka fetur ɗin da ya cika da shi yana tsinka haɗi, yana kuma cin roba. Motar da ta canja hali daga shan mai a wani wuri, a fara zargin man kafin a kwance inji.

Na uku shi ne tudu da gangare. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, inda iska ta fi ta bakin teku sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100. Kafireta ba ta san wannan ba. Wadda aka daidaita a Jos ko a tsaunin Mambila har ta yi daidai, idan motar ta gangaro Lakwaja ko Fatakwal za ta shaƙi iska mai nauyi, haɗinta ya tsinke. Mai irin wannan zirga-zirga ya bar jet ɗin da kamfani ya sa.

9. MISALI

A ɗauki misalin direban da ke jigilar doya daga ƙauye zuwa kasuwa. Motarsa ta fara mutuwa a silo, amma a kan hanya lafiya lau. Ya je gareji ya ce, "Maigida, a ɗan ƙara mini silo, sauri nake." Makanikin da ya san aikinsa zai amsa masa, "Alhaji, ƙara silo rufe ciwo ne. A ba ni minti goma in ji inda take shan iska." Ya kara tiyo a kunne, ya ji huci a bayan manifol, ya tarar da ɗan tiyon distiributa ya tsage. Ya sauya shi, silo ya daidaita ba tare da an taɓa sukuru ba. Da an bi son direba, da iskar satar ta ci gaba da shiga, silindar da ta fi kusa da tsagar tana fama da yunwa, taimin kuma ba ya tafiya daidai, har wata rana a wayi gari ana maganar sauke kan silinda.

10. KAMMALAWA

Bayan kowane gyara a gwada motar da lodi a kan hawa, a saurari inji, a lura da allurar zafi, a sake duba fulogi bayan 'yan kwanaki. Idan har yanzu silinda ɗaya ba ta ja, a auna matsin kowace silinda, domin mai yiwuwa bawul ya riga ya ƙone.

Mai mota ya sauya filtar mai da ta iska a kan kari, ya ƙara yawan dubawa a lokacin hunturu. Ya sayi mai a gidan mai da ya amince da shi, kada kuma ya riƙa tafiya da tanki a bushe, domin dattin gindi ne famfo zai tsotsa. Direba ya buɗe bonet kowace safiya ya shafa tiyo da hannunsa. Idan ya ji ƙarar tsakuwa a hawa, ya sassauta totur ya sauko da giya, ya kai motar gareji tun a ranar. Makaniki kuma ya bi bincike daki-daki, ya gaya wa mai mota gaskiyar abin da ya gani, ko da ba ita yake son ji ba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma kuɗin tiyo ɗaya da filta ɗaya ba su kai ko kusa da kuɗin fistin da bawul da kwanakin da mota za ta yi a kwance ba.

A sauka lafiya.